Ka Ɗauke Baba Kafin Ƙanƙara Ta Narke

Berestki, Nuwamba 1943

Zuwa ga ƙanena Ludwik,

Ɗaukaka ga Yesu Almasihu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da amaryarka Bronya. Mu nan da sauƙi. Maigidana Harasim yana fama da ciwon baya, saniya ta rage nono, Baba kuma tarin nan nasa ya dawo, amma ko sau ɗaya bai fasa fita maƙera ba.

Ludek, zaman garin nan ya canza. Ka san yadda aka raba mu tun ranar baftisma, kamar kowane gida: kai namiji ka bi cocin Baba ka zama Bapole, ni mace na bi na marigayiya Inna na zama Bayukreniya. Da can ba mai tuna wannan sai lokacin Kirsimeti, da muke cin naku mu dawo mu ci namu. Yanzu ko yaro ya san wace ƙofa ce ta wane.

Tun kaka mutanen yankin Wolin suke wucewa ta hanyar nan da amalanke, wasu a ƙafa. Polawa ne da aka koro daga ƙauyukansu. Wata ta tsaya a rijiyarmu ta roƙi ruwa da harshenmu na Yukren. Na ce mata, "Yi maganarki da Polanci, 'yar'uwa, ubana ma shi yake yi." Sai ta zauna a ƙasa ta kasa shan ruwan.

Ɗana Miron ya tafi aikin katako a daji tare da wasu samari. Kar ka tambaye ni yaushe zai dawo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Harasim ya ce in gaya maka, kada ƙanƙarar bana ta narke Baba yana gidan nan. Ya ce gara ka zo ka ɗauke shi tun ana mutunci. Takarda tana bi ta hannaye da yawa, ba zan tsawaita ba. Zenon mai zuba gawayi a jirgin ƙasa zai kawo maka, da ɗan man shanu.

Yayarka,
Paraska

Yaroslaw, Disamba 1943

Yaya Paraska,

A yabi sunan Yesu Almasihu. Man shanu ya iso, mun gode. Ni lafiya ta lau, Bronya tana da juna biyu, amai ya hana ta sakat.

Na karanta takardarki har na haddace, kuma har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Tun ana mutunci? Wa zai ci mutuncin wa? Gidan nan Baba ya gina shi da hannunsa. Harasim ya shigo cikinsa da akwati ɗaya da takalmin aro, yau shi ne mai ba da wa'adi? Na daɗe ina ganin yadda yake kallon gonar bakin rafi. In gado yake so, ya jira mai abu ya mutu tukuna.

Ɗaki ɗaya gare mu a bayan tasha, burodin da Jamusawa ke ba mu ko mu biyu ba ya isa. Ina zan ajiye tsoho mai tari, ba maƙera, ba kabarin matarsa?

Mutanen Wolin muna ganinsu a nan ma, kwance a dandamalin tasha. Abin da ya same su ba kyau. Amma can daban, Berestki daban. Garin da kowa kawun wani ne, wa zai ɗaga wa wa hannu?

Miron da ke gudun faskaren gida, shi ne yau ɗan katako? To Allah ya sa ya koyi aiki.

Ga gishiri da allura biyu. Ki gaishe da Baba. Harasim kuwa ki ce na ji saƙonsa.

Ƙanenki,
Ludwik

Berestki, Fabrairu 1944

Ludwik,

Ɗaukaka ga Yesu Almasihu. Muna raye. Allah ya sauki Bronya lafiya.

Na yi maka hannunka mai sanda ba ka gane ba, to yanzu zan faɗa ƙiri-ƙiri, in an kama takardar a kama. Miron ba katako yake yi ba. Yana cikin mayaƙan daji, masu cewa za su kafa ƙasar Yukren, ba Bajamushe, ba Barashe, ba Bapole a cikinta.

Ya zo jajiberin Kirsimetinmu da bindiga a kafaɗa. Baba yana zaune a kan tebur, ga kutiya a gabansa, faten alkama da zuma na wannan dare, ya ce, "Kai, angon daji, jingine ƙarfen nan a waje. A gidana ba a cin kutiya da bindiga." Ya fita ya jingine. Muka ci, ba mai kallon wani. Da na kwashe kwanoni sai Miron ya ce, "Kaka, ka tafi wurin Kawu Ludwik."

Baba ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Ba kowa. Da aiko ni aka yi, ba magana zan tsaya yi ba."

Baba ya ce, "Ni wace Polan na sani? Nan aka binne cibiyata. Duk gatarin da ke garin nan ni na ƙera shi."

Miron ya ce, "Na sani, Kaka. Su ake wasawa."

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya juyo ya ce, "Inna, ina tsoron Allah yake ranar da sojojin doki na Polawa suka kwantar da babana a dandali suna zane shi, ni ina ɗan shekara shida ina kallo?" Harasim ya buga tebur ya ce, "Bayana aka daka, ba naka ba. Kuma wannan tsohon shi ya goyo ni gida." Yaron ya ɗauki hularsa ya fita.

Makon jiya aka liƙa takarda a ƙofar kowane Bapole: su ƙetare kogin San ko su kuka da kansu. An ƙone ƙauyen da ke bayan injin niƙa. Daga tsakar gidanmu muka ga jan sama, washegari toka tana sauka a kan shanyata. An kuma aiko mana cewa duk Bayukrenen da ya ɓoye Bapole, hukuncinsu ɗaya.

Harasim ɗin da ka zaga ya haƙa rami a ƙarƙashin ɗakin saniya, da ciwon bayan nasa. Can Baba yake kwana yanzu, yana toshe tari da hula. Kullum da safe sai ya fito yana faɗa, wai mun mayar da shi dankali. Bai yarda ya tafi ba, amma kai ɗansa namiji ne, in ka tsaya a gabansa zai ji.

Ba na iya barci. Kare ya yi haushi in miƙe, ya yi shiru in miƙe. Ka zo.

Paraska

Yaroslaw, Maris 1944

Yaya,

A yabi sunan Yesu Almasihu. Ina fata wannan ta same ku a raye. Takardarki ta yi makonni a aljihun Zenon, an canza masa layi bai samu zuwa ba. Da na karanta, a ranar na je wurin shugaban aikinmu na ce ubana yana bakin mutuwa, ya ba ni takardar tafiya.

Birnin Lwow kaɗai na kai. Daga nan jirgi ba ya ɗaukar farar hula zuwa gabas, Rashawa sun matso Tarnopol, layin duk na soja ne. Na kwana biyu a tasha ina roƙon direbobi. Na fara takawa a ƙafa, wani mai amalanke ya ji Polancina ya ce, "Malam, da wannan bakin ba za ka wuce dajin farko ba." Na juyo. Har yanzu ban san ko hankali na yi ko tsoro ba.

Ki ce wa Harasim ya yafe mini. Ki ce ya ɗora Baba a amalanke ko da ɗaure shi zai yi, ya kai shi kowace tasha, ma'aikatan jirgi sun san sunana.

Na sa gado a bayan murhu. Bronya ta ɗinka katifar ciyawa. Duk jirgin da ya shigo daga gabas ina bakin dandamali. Ki aiko ko da layi ɗaya ne.

Ludwik

Yaroslaw, Mayu 1944

Paraska,

Ba zan tambayi lafiyarku ba, tunda ba a amsa mini. Wannan ce takarda ta huɗu da na aiko.

Jiya na ga Sabina mai ɗinki a tasha, ta ƙarshen layinmu. Da ƙyar na gane ta. Ita kaɗai ta fito daga gidansu, ba miji, ba 'ya'ya. Ta ce da asuba mutanen daji suka zo, ta ɓuya a cikin ciyawar bakin rafi, ruwa har wuya. Ta ce ta ga Miron da idonta, bindiga a kafaɗa, yana riƙe da hannun Baba, ya nufi kwarin da ake haƙar yumɓu da shi. Daga baya ta gan shi ya dawo shi kaɗai.

Na ce mata ko dai ba ta gani da kyau ba. Ta ce, "Ludwik, ni na ɗinka masa rigar makaranta."

Yanzu na gane shirunki. Kin ce rami a ƙarƙashin ɗakin saniya. Wa ya san ramin in ba ɗan gida ba? Kin ciyar da shi a teburin Baba, kin bar shi ya fita da bindigarsa. Abu ɗaya nake nema: ki gaya mini inda aka binne ubana, in an binne shi. Bayan wannan ba na bukatar komai daga gidanku.

Bronya ta haifi namiji. Walenti muka sa masa, sunan Baba.

Ludwik

Berestki, Satumba 1944

Ƙanena,

Ɗaukaka ga Yesu Almasihu. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Takardunka duka jiya suka iso a ɗaure wuri ɗaya, sai da Rashawa suka wuce layin jirgi ya buɗe. Ta ƙarshen na fara karantawa.

Baba yana raye. Ga shi nan a bakin murhu yana fere dankali, ya ce in gaya maka ɗan da aka sa wa sunansa kada ya gaji taurin kansa.

Sabina ba ta yi ƙarya ba. Da suka zo, ba su yi wani lalube ba, kai tsaye ɗakin saniya suka nufa, wani maƙwabci ya riga ya tsegunta. Miron ya sha gabansu ya ce wa shugabansu, "Wannan nawa ne, ni zan gama da shi." Ya fito da Baba ya ja shi kwari, ya tura shi cikin tsohon ramin yumɓu ya rufe da ƙaya, ya yi harbi a ƙasa. Ina tsaye a ƙofa na ji harbin. Yini guda ni ma abin da Sabina ta ɗauka shi na ɗauka. Sai da yamma wata yarinya ta kawo mini saƙo cewa a duba kwari.

Harasim ya ɗauko shi a amalanke a ƙarƙashin taki, ya kai shi wurin ƙanwarsa Yaryna a wani ƙauye, aka ce kawun mijinta ne, kurma. Baba da bakinsa ba ya hutawa, wata huɗu bai ce uffan ba.

Bayan Ista 'yan sandan mayaƙan daji suka zo wa Harasim. Suka ce ina kabarin maƙeri? Ya ce karnuka sun ci. Suka ce ramin ɗakin saniya wa ya haƙa? Ya ce, "Ni, don dankali." Suka tambaye shi har rana ta yi tsaka, ina jin komai daga cikin ɗaki. Bai faɗi sunan ƙanwarsa ba, bai faɗi na ɗansa ba. Suka rataye shi a ƙofar gida da allo a ƙirji, suka hana a sauke shi sai washegari. Gonar bakin rafi tana nan, ciyawa ta cinye ta.

Kar ka ɗauka wanke Miron nake yi. Da ya rufe kakansa da ƙaya, komawa ya yi cikinsu, kuma layin Polawa bai ƙone da kansa ba. Da ya zo bayan an binne ubansa, na ce, "Gidan wa ka shiga ran nan?" Ya ce, "Inna, kar ki tambaya." Na ce, "Ka fito daga cikinsu." Ya ce wanda ya fito, igiya ce, wanda Rashawa suka kama, igiya ce. Baba bai yarda ya gan shi ba.

Yanzu Rashawa suna rubuta sunayen Polawan da suka rage, za a kwashe su zuwa wajenku. Wannan karon Baba bai yi musu ba.

Paraska

Yaroslaw, Nuwamba 1944

Yaya Paraska,

A yabi sunan Yesu Almasihu. Muna lafiya, yaron ya fara zama.

Na je coci na durƙusa. Harasim ya tafi da zagina a kunnensa. Ba ni da bakin ba ki haƙuri.

Ki saurare ni. Ke 'yar Bapole ce, takardar haihuwarki ta nuna. Ki sa a rubuta ki tare da Baba, ba wanda zai tambayi cocin da kike zuwa. Ana cewa Rashawa suna kwashe iyalan mutanen daji zuwa Sibiriya. Me ya rage miki a can?

Ba zan ɓoye miki ba, nan ma ana yi. Samarinmu sun shiga wani ƙauyen Yukrenawa a hayin kogi, ba su bar tsoho ba, ba su bar mace ba. Biyu daga cikinsu benci ɗaya muke cin abinci a wurin aiki. Suna ba da labari, ni ina tauna burodina. A gidan nan dai ba mai taɓa ki. Ki zo.

Ludwik

Berestki, Afrilu 1945

Ludek,

Ɗaukaka ga Yesu Almasihu. Baba ne zai miƙa maka wannan da hannunsa, ka ga lafiyarsa da idonka. Gobe jirginsu zai tashi, taragon shanu ne, na haɗa masa bargo da busasshen burodi.

Ba ya iya kwana a ɗaki mai duhu, ka bar masa ƙofa a buɗe. Kabeji mai tsami yana tayar masa da tari. In ya yi shiru kar ku dame shi, in ya fara faɗa to ya warke. Ka nema masa ko da guduma da 'yan ƙusoshi, hannunsa ba ya son zama.

Ni ba zan zo ba. Na je har ofishin rubuta sunayen, na tsaya a layi, da aka zo kaina na fita. Miron yakan ƙwanƙwasa taga wani lokaci, in miƙa masa burodi. Ya rame, kwarkwata ta cika shi. Na san abin da ya yi, ko rabinsa. Amma in na tafi, tagar wa zai ƙwanƙwasa?

Yayarka,
Paraska

Berestki, Yuni 1946

Ƙanena Ludwik,

Ɗaukaka ga Yesu Almasihu. Ina gaishe da Baba da Bronya da ƙaramin Walenti. Ni ƙafafuna ke kumbura, ban da wannan lafiya. Wasu Polawa na ƙauyen gaba za su bi jirgin ƙarshe, matar ta yarda ta ɗinke wannan a cikin rigarta. Bayan su ban san wa zan ba ba.

Miron ya rasu. Sojojin Rashawa sun gano raminsu a daji. Suka kawo gawa uku suka jingine a shingen ofishin gari, ba takalmi, suka tattaro mu duka, har da na ƙauyukan kewaye, aka sa mu wuce ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka gane, danginsa kaf sai Sibiriya. Yaryna tana bayana a layi da 'ya'yanta uku, ita da ta ɓoye Baba.

Shi ne na tsakiya. Gemu ya fito masa, ban taɓa ganinsa da gemu da rana ba. Hafsan ya ce, "Tsohuwa, kin san wannan?" Na ce, "Ban san shi ba." Ya ce, "Matso ki duba da kyau." Na matsa. Ƙuda yana kan idonsa, hannuna ya tashi zai kore, na mayar da shi cikin zane. Na ce, "Ɗana Jamusawa suka kwashe shi aiki tuntuni. Wannan ɗan wasu ne." Garin nan kaf suka wuce, har wanda ya tsegunta ramin Baba, kowa ya ce bai san shi ba. Da yamma mota ta kwashe su. Ban san inda aka kai shi ba.

An kama limamin cocinmu tun sanyi, wanda aka kawo a madadinsa duk abin da ya ji sai ya kai ofis. Ba inda zan ambaci sunan yaron nan. In Fada, limamin cocinku, zai yarda, a yi masa addu'a a can, shi da ubansa. In ba zai yarda ba, ko kai ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka ba. Baba kuwa ka duba, in ka ga kada a gaya masa, kar a gaya masa.

Paraska

Yaroslaw, Agusta 1946

Yaya,

A yabi sunan Yesu Almasihu. Muna lafiya. Baba yana gyaran tukwane a bayan tasha, yana faɗa da kowa.

Na yi niyyar ɓoye masa, amma ya ga takardar a hannun Bronya ya ce a karanta. Na karanta har ƙarshe. Tun da ya zo gidan nan bai taɓa furta sunan Miron ba, ran nan ma fita ya yi ya zauna a kan gungume har aka kira shi cin abinci bai zo ba.

Da safe ya sa kwat ɗinsa ya ce in raka shi wurin Fada. Fada ya ɗauko alƙalami. Baba ya fara da Harasim. Sai ya bi layinmu gida-gida, mijin Sabina da 'ya'yanta, da sauran, bai tsallake ko jariri ba. Sannan ya ce, "Miron."

Fada mutumin Wolin ne, shi ma ya binne nasa. Ya ɗago ya ce, "Baba, wannan yana cikin waɗanda aka kashe ne, ko cikin waɗanda suka kashe?"

Baba ya ce, "Duka biyun. Jikana ne. Rubuta."

Fada ya tsoma alƙalami a tawada. Ya rubuta. Ranar Juma'a aka karanta sunayen a gaban jama'a, Sabina tana benci na gaba. Da aka zo kan sunan Miron ta tashi ta fita, Baba bai hana ta ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

Jirgin Zenon ba ya ƙetare iyaka yanzu. Zan riƙe wannan a aljihu, ina tambayar duk wanda ya nufi gabas.

Ƙanenki,
Ludwik